Ba Su Zo Ba

Talata ce, tsakiyar daminar 1993. An kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi.

Attahiru ya isa tasha kafin rana ta ɗaga. 'Yan kamasho da ke ihun "Minna! Minna!" suka rage murya da suka hango shi. Direban fijo ya buɗe masa ƙofar gaba. Ya girgiza kai, ya shige can baya, ya ɗora hannunsa mai bandeji a cinya.

Rediyo ne ya fito da shi. A shekarar, masu shirya gasar ƙwallon kwalejoji sun kawo kwamfuta don ta auna ƙarfin kowace shiyya, biyu na sama su je wasan ƙarshe. Da aka karanta sakamako, shiyyar Kontagora ce a ƙasa. Wai 'yan kwalejin sana'a ta Kontagora ba su halarci wasansu na Bida ba, kwamfuta ta ɗora musu ci uku da nema, ukun nan suka ja shiyyar duka zuwa ƙasa. "Ba su zo ba," in ji mai karanta labarai, ya wuce zuwa farashin taki.

Babu wanda bai san abin da ya hana su zuwa ba a Kontagora. Bas ɗinsu ta zame daga kan wata gada. Yara huɗu aka binne, har da Ɗan'azumi mai tsaron gida. Waɗanda suka tsira ba su daina zuwa fili ba, wani da sanda, wani da ɗinki a goshi. Sun ce in shiyya ta je wasan ƙarshe, da sunan huɗun nan za a buga.

Attahiru bai yi nisa a makaranta ba, bai kuma taɓa ganin kwamfuta ba. Abin da ya sani shi ne an rubuta ƙarya, kuma abin da aka rubuta ana iya gogewa.

Mota ta kama hanya. Duk kwanar da aka sha, ƙafarsa ta dama sai ta danne ƙasan mota. Da aka zo wata gada bayan Tegina, ya rufe ido har aka haye.

A ofishin gasar aka nuna masa wani ɗaki mai sanyi. Saurayin da ke kula da na'urar, Haggai, ya ba shi kujera, ya saurare shi har ya gama. Maganar ba ta da tsawo.

"Baba, na ji abin da ya faru, Allah ya ji ƙansu. Amma na'urar nan ba ta da son kai. Ba ta san Kontagora ba, ba ta san Bida ba. Dalilin kawo ta ke nan."

"Ta san Ɗan'azumi?"

Haggai ya sunkuyar da kai. Ya ce gida huɗu gare ta: nasara, faɗuwa, canjaras, rashin zuwa. Kowane wasa sai ya shiga ɗaya.

"Mutuwa fa?"

"Ba a yi mata gida ba, Baba."

"Sun taho," in ji Attahiru. "Tun a mota suka ɗaura takalma. Waƙa suke yi. Wanda ya ɗaura takalmi ba a ce masa bai zo ba."

Haggai ya dubi ƙofa, ya jawo kujerarsa kusa da na'urar. Ya danna nan, ya danna can, ya cire wasan Bida gaba ɗaya. Rubutu ya motsa a gilashi. Attahiru ba ya karanta Turanci, amma ya san sunan garinsa daga allunan hanya. Ya ga Kontagora ta tashi daga ƙasa ta zauna ta biyu. Ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Bar shi haka, ɗana."

"Ba ni da iko. Manya sun sa hannu, an riga an sanar. In na bar shi, gobe wani zai mayar, ni kuma a sallame ni."

Ya sake dannawa. Kontagora ta koma inda take.

Da ya rako shi bakin ƙofa, Haggai ya tambaya a hankali, "Ɗanka na ciki, Baba?"

"Dukansu Baba suke ce mini."

La'asar sakaliya ya sauka a Kontagora. Ya bi ta gefen filin kwaleji. Yaran suna can cikin taɓo, ɗaya yana tsaye tsakanin sanduna inda Ɗan'azumi ke tsayawa, safar hannun marigayin ta yi masa yawa. Modibbo, malamin wasanninsu, ya hango shi ya daina hura usur. Attahiru ya girgiza kai. Modibbo ya juya ya ce wa yaran su ci gaba.

A mararraba, Iyatu mahaifiyar Ɗan'azumi tana gasa masara. Ya tsaya daga nesa, ya cire hula, ya buɗe baki. Ta juya masa baya, ta ci gaba da fifita wuta. Ya daɗe a tsaye, sannan ya wuce gida. Bai taɓa tuwon da aka ajiye masa ba.

Washegari da safe ya tafi bayan garejin da aka jefar da bas ɗin. Ciyawa ta fara fitowa ta tagoginta. Ya ja ƙofar direba da hannunsa mai lafiya har ta buɗe, ya hau, ya zauna a kujerar da yake zaune ranar, ya kifa kansa a kan sitiyari.