Mabuɗi na Biyu

"Kantin wa za a rufe yau, Metir?" mai sayar da kwaɗo ya tambayi tsohon lauyan, da laƙabin da ake kiran lauyoyi.

Shekara da shekaru, duk ɗan kasuwar da ya karye a Gaya, lauyan kan saya wa kantinsa kwaɗo, ya riƙe mabuɗi na biyu har ranar da mai shi zai farfaɗo. Tun da aka rufe gadar kan iyaka, ba wanda ya dawo karɓa.

"Nawa biron ne," lauyan ya ce, yana nufin ofishinsa, ya miƙa masa mabuɗi ɗaya na sabon kwaɗon. "Ajiye mini."

Mutumin ya girgiza kai.

"Ni ma gobe zan tashi, Metir. Babu sauran ƙofar da ba ta da kwaɗo a layin nan."