Muryar Kawu

An cire wa Malam Hashimu, direban tifa, muryar kawunsa daga zuci ranar Talata, a asibitin murya da ke Funtuwa. Tun yana yaron mota, duk lokacin da ya tuna rayuwarsa, muryar ce ke cewa, "Ragon banza, me ka tsinana?"

"To, Baba, yanzu ba ni labarinka," in ji ma'aikaciyar.

Ya saurara, babu mai tsawa. "Ashe na gina gida," ya ce. "Kuma ban taɓa kaɗe kowa ba." Ya yi ajiyar zuciya.

A bakin ƙofa ya tarar da ɗansa Rabi'u a layi. Sun gaisa. Har yanzu bai tambaye shi muryar wa ya zo cirewa ba.