Tsamiyar Bawa a Taswirar Yaƙi

Tun da rairayi ya binne Tsamiyar Bawa, ba a ganin garin sai a wayar Sallau, mai zana wa 'yan wasan yaƙi na waya taswira. Yau ma Innarsa na gefensa tana nuni da yatsa.

"Ɗan nan, rijiyar a bayan gidan Maƙeri take."

Ya matsar da ita a hankali. Sai dai wasan ba ya ajiye taswira sai an zuba mata runduna biyu. Ya zuba. Kafin la'asar 'yan wasa sun ƙone rumbunan garin kaf.

Inna ta goge ido. "Gobe ka zana mu can gefe, kada su gan mu."

Sallau ya dubi taswirar. "Inna, waɗanda suka ƙirƙiro wasan ba su yi mata gefe ba."