Rigar Baƙuwa

Na ɗaga kai daga kofin shayina, na leƙa ta tagar shagon shayin. Babu keken jaririyata!

A birnin Kopenhagen kowace uwa a ƙofar shago take barin ɗanta ya yi barci a keke ko ana sanyi, amma yau bakin ruwa cike yake da baƙi masu ɗaukar hoto.

Na fita a guje.

A lungu na iske keken. Wata tsohuwa baƙuwa ta janye shi daga iska, ta lulluɓe shi da rigar sanyinta, haƙoranta na kaɗawa. Jirgin ruwan da ya kawo baƙin ya tashi ya bar ta tana gadin keken.

"Taki ce?" ta daka min tsawa. "Ke wace irin uwa ce?"

'Yata na ta sharar barci, har da gumi. Na cire tawa rigar, na lulluɓa wa tsohuwar.