Wa Ya Shafa Wa Tela?

"Ta ƙona min ƙane!" in ji Yaya, tana nuna wa likita ƙurajen da suka yi layi a cinyar Tela. "Wallahi wadda ta shafa masa wannan sai ta durƙusa ta ba shi haƙuri!"

Da matar Tela take. Ita dai man zafi take shafa masa, tunda ciwon jijiya ya sauko daga ƙugu ya hana shi taka keken ɗinki.

Likita ya yi murmushi. "Ba man zafin ba ne. Ƙarambau ɗin yarinta ne ya ɓuya a jijiya, yanzu ya farka. Ka taɓa yi?"

"Ƙwarai," in ji Tela. "Yaya ce ma ta shafa min."

Matar Tela ta janye kujera gefe. "Bismillah, Yaya. Ga fili."