Tufkar Hagu

Ansumar ne ya kwance igiyar fata daga wuyan gawar Harimund, ɗan shugaban gari, a bakin marmaro. Shaƙe masu laifi aikinsa ne tun kakanni, shi ya sa dattawa suka tambaye shi tufkar wane ne. Ya juya igiyar sau ɗaya, ya ga tufkar hagu ce, ya jefa ta wuta.

"Tufkar makiyaya ce," in ji shi.

Makiyayi ɗaya ne a garin: Berhtar, abokinsa tun suna yara.

Da hantsi aka ja Berhtar zuwa fadama, an aske kansa, an karya masa hannu da kulki. Gisla, 'yar Ansumar, ta kawo masa kunun sha'ir na ƙarshe bisa al'ada, tafukanta naɗe da tsumma. Tukunya ce ta ƙona ta, ta ce. Rabin kunun a ƙasa ya zube.

"Aboki, ni da ko akuya ban iya ɗaurewa ba?" Berhtar ya yi dariya, jini na bin haƙoransa. "To, yi sauri. Kada ka yi mini aikin 'yan koyo."

Ansumar ya zarga masa igiya a wuya, ya dafa masa gwiwa a baya, ya ja. Ƙafafu suka yi ta shure-shure, wuya ya ce ƙas. Aka danna gawar cikin baƙar laka, aka tokare ta da rassa, jama'a na ihu da sunan da suke ba wanda ya yi kisa a ɓoye: wargaz, mai shaƙewa.

Sunan ya fi garin tsawon rai. Jikokinsu na tsibirin yamma sun kira la'ananne da shi, na arewa har yau kyarkeci suke nufi in sun ce varg. Ba wanda ya rubuta shi a lokacin. Daga bakin jikoki masana suka tono shi. Labarin Berhtar kuwa laka ta haɗiye.

Da suka koma gida, Ansumar ya zaunar da Gisla, ya warware tsumman don ya shafa mata kitse. Bai tambaye ta abin da Harimund ya je yi a marmaron mata ba. Ya dai dubi tafukan: wuta ba ta barin ƙuna a miƙe kamar layi, sai dai igiya, kuma tufkar hagu mutum ɗaya tak ya taɓa koya wa: ita.