Ranar Zuwan Mai Duba Aiki

Tun da safe Malama ta juya kujerun ɗakin yadda sabon tsarin ƙasa ya ce, kada tebur ya shiga tsakanin mai ba da shawara da wanda ya zo da damuwa. Ta ajiye ruwa da kofi, ta kashe wayarta. Ɗakin yana can ƙarshen barandar asibiti. A da ma'ajiyar katifu ne, har yanzu in an rufe ƙofa sai warin tsohon soso ya taso.

Shugaban sashe ya leƙo ya sake tuna mata cewa yau ma'aikatar lafiya za ta turo mai duba aiki, kuma an ce ba ya gabatar da kansa. Zai shigo kamar kowa, ya kawo matsala mai nauyi, ya ga ko abin da aka koyar a taron bita ya zauna. Wadda ta faɗi, a rufe ɗakin, a mai da ita yankan kati. Da ƙyar Malama ta baro tagar yankan kati, ba ta da niyyar komawa.

Da hantsi mutumin ya shigo. Magidanci ne, farin kaftani ya sha guga, takalmi a goge, babu kati a hannunsa. Waɗanda ta saba gani ba haka suke zuwa ba. Ta raya a ranta shi ne mai duba aikin, ta miƙe ta tarbe shi da fara'a.

Ya zauna, ba ta matsa masa ya yi magana ba, kamar yadda aka koya musu. Da ya buɗe baki, ƙasa yake kallo. Ya ce 'yarsa ce, ita kaɗai ta rage masa bayan rasuwar uwarta. Wata safiya ya fito da mota da baya yana sauri, bai san ta biyo shi a guje da hular da ya manta ba. Nan take ta rasu. Tun daga ranar, da ya shiga gida sai ya ji takunta a bayansa. Ya daina waiwaye, amma takun bai daina ba.

A ranta Malama ta ce lallai ma'aikata ta iya zaɓen mutum, har muryarsa rawa take yi.

Ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi gaggawar cewa ya yi haƙuri ba. Ta maimaita masa maganarsa don ya san an ji. Ta tambayi barci, ta tambayi abinci, ta tambayi wa ke gida. Ya ce ya sallami mai gadi, makullan kuma ya kai wa ƙanwarsa. Ya kwance agogon hannunsa ya miƙa mata, wai ba shi da sauran amfani a wurinsa. Ta ce tsari ya hana su karɓar kyauta, tana murna a ɓoye ta tsallake tarko.

Sai ta yi tambayar da ta fi tsoro tun a wurin bita: ko ya taɓa tunanin halaka kansa. A karo na farko ya ɗago ya dube ta. Ya ce e, har ya san wurin. Ta tambaye shi yaushe.

"Ga shi na yi wanka, na sa fararen kaya," in ji shi.

Ta san abin da ya rage. Ba a barin irin wannan ya fita shi kaɗai, likita ake kira, a kira ɗan'uwa. To amma likita yana ɗakin tiyata, ga mutane a kan benci suna jira, kuma ta ga jan babban mutum daga ma'aikata zuwa ɗakin gaggawa wuce gona da iri ne. Ta sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, da a ce da gaske ne, ba zan bar ka ka fita daga nan kai kaɗai ba. Likita zan kira, in kira ƙanwarka. Ina fata dai na yi yadda ake so."



"Da a ce da gaske ne," ya maimaita a hankali.

Ya miƙe, ya gyara kujerar, ya ce ta yi ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Tana jin takunsa a baranda har ya ɓace.

Ta yi ajiyar zuciya, amma sanyin da ta sa rai bai zo ba. Ta ga mutanen da ke jira, kunnenta kuwa na can wurin yarinyar da ke gudu da hula. Ta riƙa gaya wa kanta ai labari ne aka tsara.

Bayan azahar shugaban sashe ya ƙwanƙwasa, bakinsa har kunne. A bayansa wata mata ce riƙe da jaka, tana share gumi. Ya ce ga mai duba aikin nan, motarsu ce ta lalace a hanya, kuma tunda rana ta yi, ta ce a bar batun ɓad da kama.

"Shi kuma na safen fa?" in ji Malama.

"Wane na safe? Ita kaɗai aka turo."